Me ya sa ake cire tsohon jirgin lilo maimakon a gyara shi?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni haifaffiyar Kaduna ce, a Tudun Wada na tashi. Akwai wani wurin wasan yara da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake kai mu duk Sallah, mu hau wani ɗan jirgin lilo mai hawa da gangara a kan dogo. Sallar da ta wuce na kwashi 'ya'yana na ce yau za su hau abin da uwarsu ta hau tana yarinya. Muka je muka tarar an cire shi, babu komai sai guraben siminti da guntayen ƙarafa. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Bayan haka na ga wani bidiyo a Facebook an kayar da wani ƙaton jirgin lilo a Amurka, mutane suna ta kuka suna zagin kamfanin. Tambayata ita ce, tunda ƙarfe ne, me ya hana a gyara shi? Ko kwaɗayin kuɗi ne kawai? Mu kuma da muke jin haushi, muna da gaskiya ko shirme muke yi?" Daga wata uwa a Tudun Wada.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Tambaya biyu kika yi a dunƙule: ko za a iya gyara tsohon jirgin lilo har abada, da kuma ko masu fushi suna da hujja. Ta farkon sana'ata ce. Ta biyun kuma na ɗanɗana ta da kaina, don na taɓa zama wanda ya sa hannu aka cire irin wannan jirgin, kuma zan ba ki labarin.

A masaƙa na fara aiki, a Kakuri, ina kula da injina. Da masaƙu suka durƙushe na koma duba da gyara kayan wasa na wuraren shaƙatawa, kuma na daɗe a kai. Ƙanana da matsakaitan jirage na yi aiki da su. Manya irin na Amurka ban taɓa sa musu sifana ba, amma ƙarfen ɗaya ne kuma halinsa ɗaya. Naku kuma ban duba shi ba, don haka ba zan yanke wa masu wurin hukunci ba. Abin da zan iya shi ne in nuna miki yadda ake kaiwa ga irin wannan shawara.

Abin da kika gani a bidiyo

In ƙaton da kika gani kore ne mai siffar doguwar hasumiya, to Kingda Ka ne, na wurin wasan Six Flags Great Adventure a jihar New Jersey. An buɗe shi a 2005. Tsayinsa mita 139, kuma yana harba taragu daga tsaye cak zuwa gudun kilomita 206 a awa cikin daƙiƙa uku da rabi. Shekaru da yawa babu jirgin lilon da ya kai shi tsayi a duniya, mutane suna tasowa daga ƙasashe don hawan da bai kai minti guda ba. Ranar 10 ga Nuwamba 2024 ya yi zagayensa na ƙarshe, sai bayan kwanaki kamfanin ya fito ya ce shi ke nan, an rufe shi. Ranar 28 ga Fabrairu 2025 aka sa nakiya aka kayar da hasumiyar.

Ki lura da jerin nan da kyau, don a nan fushin yake. An rufe tukuna, sannan aka sanar. Raɗe-raɗi sun yi ta yawo kafin nan, wasu suka yi ta rububin zuwa bisa jita-jita, amma kamfanin bai buɗe baki ba sai da aikin gama ya gama. Wanda ya yi shekara goma yana cewa wata rana zai kai ɗansa, ya wayi gari ba dama. Yawancin masoya waɗannan jirage sun san inji ƙwarai, wasunsu sun fi ma'aikatan wurin sanin tarihinsa. Suna da ƙungiyoyi, kamar American Coaster Enthusiasts da aka kafa tun 1978. Sun san Kingda Ka yana yawan tsayawa, sun san yana cin kuɗi. Abin da ya ƙona musu rai shi ne an hana su sallama. Irin abin da ya same ki ke nan a bakin guraben simintin nan.

Ƙarfe ma yana gajiya

Yanzu ga batun gyara. Yawancin jiragen lilo babu inji a jikin taragunsu. Sarƙa ce take jan su zuwa ƙololuwa, wannan ƙas-ƙas-ƙas da kike ji lokacin hawa kuwa wasu haƙoran ƙarfe ne da suke hana tarago komawa baya in sarƙa ta tsinke ko wuta ta ɗauke. Daga sama sai a sake shi, nauyinsa ya yi sauran aikin. Tayoyinsa kashi uku ne: na saman dogo masu ɗaukar nauyi, na gefe masu riƙe shi a kwana, da na ƙasa masu hana shi tashi sama. Duk sanda tarago ya wuce, dogo da ginshiƙai suna ɗan lanƙwasa su dawo. Ido ba ya ganin wannan a ƙananan jirage, amma ki ɗora tafin hannu a ginshiƙi lokacin da yake wucewa, za ki ji yana motsi kamar mai numfashi.

Ki ɗauki wayar ƙarfe irin wadda ake ɗaure buhu da ita, ki lanƙwasa ta ki miƙar. Sau ɗaya ba komai. Ki yi ta yi, wurin zai ɗau zafi, ya yi fari, ya karye, alhali ba ki taɓa sa mata ƙarfin da zai tsinka ta a tashi ɗaya ba. Wannan shi ne gajiyar ƙarfe, kuma shi ne ajalin jirgin lilo. Ki yi lissafi da kanki: in jirgi yana zagaye 20 a awa, awa 10 a rana, kwana 200 a shekara, ya yi zagaye 40,000 ke nan. A shekara 30 ya haura miliyan ɗaya. Kowane zagaye lanƙwasa ɗaya ce a kowace walda da ke jikinsa, kuma waldar nan ɗaruruwa ce ko dubbai. Masu ƙera shi tun a takarda suke lissafa yawan zagayen da zai ɗauka.

Tsagar gajiya ba ta sallama. Tana farawa siririya kamar gashi, galibi a gefen walda, a ƙarƙashin fenti. Ga yadda muke nemanta. Mu kankare fentin har ƙarfe ya fito fes, mu goge, mu fesa wani jan ruwa mai shiga kowace kafa, mu bar shi ya jiƙa 'yan mintuna. Sai mu share shi tas, mu fesa wata farar hoda a kai, mu tsaya muna kallo. In wurin lafiya yake, fari zai zauna fari. In akwai tsaga, sai ki ga jan layi yana tsatsowa a hankali cikin farin, kamar jini a farin ƙyalle. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san yadda gaba yake faɗuwa a wannan lokacin. Akwai kuma gwaji da maganaɗisu da garin ƙarfe, da wata na'ura mai aika sauti cikin ƙarfe ta auna kaurinsa, amma jan ruwan nan shi ne wanda ya fi sauƙin samu a wurinmu.

Kada ki ɗauka sai tsoho ne yake tsagewa. A 2023 wani baƙo a wurin wasan Carowinds a Amurka ya ɗauki bidiyon ginshiƙin jirgin Fury 325 ya tsage gaba ɗaya, yana gocewa duk sanda tarago ya wuce, alhali jirgin shekararsa takwas kacal. Aka rufe, aka sa sabon ginshiƙi, aka buɗe. Bambancin sabo da tsoho shi ne, a sabo tsaga ɗaya matsalar wuri ɗaya ce. A tsoho kuwa tsaga ɗaya manzo ce, don duk sauran waldar shekarunsu ɗaya da ita, wahalar da suka sha ɗaya. Ki toshe nan, ta ɓullo can.

Mu kuma a nan muna da ƙarin abokan gaba. Ruwan daminar Kaduna yana shiga cikin bututun ginshiƙai ta wajen noti ko wata 'yar kafa, ya kwanta a gindi, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki. Waje fenti yana sheƙi, ciki ya zama kamar ɓawon gyaɗa. Shi ya sa za ki ga muna bin ginshiƙai da 'yar guduma muna ƙwanƙwasawa: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai zaƙi, ruɓaɓɓe sai ya ce buf. Da hunturu kuma ƙura ta haɗu da giris ta zama kamar yashin goge tukunya, ta cinye boris da sarƙa. Sannan ga zama. Yawancin kayan wasanmu sai Sallah ƙarama, Sallah babba, Kirsimeti da sabuwar shekara suke aiki sosai, a loda musu a kwana uku abin da ya kamata su ɗauka a wata guda, sauran shekara suna zaune rana na dukansu. Na koyi wannan tun a masaƙa: injin da aka kashe aka bari ya fi mai aiki saurin mutuwa.

Kayan gyara da kuɗi

Kin tambaya ko kwaɗayin kuɗi ne. Kuɗi yana ciki, ba zan ɓoye miki ba, amma ba kowane lissafin kuɗi ne kwaɗayi ba. Abu na farko shi ne kayan gyara. Kamfanin Arrow Dynamics na Amurka ya ƙera jirage da yawa daga cikin waɗanda suka yi tashe a shekarun 1970 da 1980, sannan ya karye a farkon shekarun 2000. Jiragensa suna ta raguwa tun daga nan. Big Bad Wolf na wurin wasan Busch Gardens ya yi aiki daga 1984 zuwa 2009. Vortex na Kings Island ya yi daga 1987 zuwa 2019. Dukansu masu wurin sun ce wa'adin aikinsu ne ya cika. Kingda Ka kuma matsalarsa hanyar harba shi ce: injin matsin mai ne yake juya wani ƙaton kwarkwaro, ya naɗe igiyar ƙarfe da ƙarfin tsiya ta fizgi tarago. Sassansa masu motsi suna da yawa, kowanne yana shan wahala. Sababbin jirage da maganaɗisu ake harba su, babu abin da yake gogar wani. Ɗan'uwansa Top Thrill Dragster na Cedar Point, wanda aka buɗe a 2003, an rufe shi a 2021 bayan wani ƙarfe ya fita daga jikin tarago ya ji wa wata mata da ke layi mummunan rauni. Da aka sake buɗe shi a 2024 da sunan Top Thrill 2, an cire tsohon injin an sa na maganaɗisu.

A wurinmu abin ya fi haka tsanani. Yawancin jiragen da ke ƙasar nan na hannu ne, sun riga sun yi rabin rayuwarsu a Turai ko wani wuri kafin a sauke su a tashar ruwa. Da yawa suna zuwa babu littafin ƙira, babu littafin tarihin gyara, wani ma farantin sunan kamfanin ya goge. In birki ya lalace, kamfanin da ya yi shi ya daɗe da rufewa, ko kuma yana nan amma sai da dala, ga kuɗin jirgi, ga kwastan. Mai wuri ya duba kuɗin tikitin da yara suke biya, ya duba man janareta, ya ga ko shekara biyar ba za su mayar da kuɗin ba.

A nan ne za a ce a kai Panteka, kasuwar maƙera da masu walda ta Kaduna. Ina girmama mutanen Panteka ƙwarai, babu abin da za ki nuna musu su kasa ƙera irinsa, kuma sun fitar da ni kunya ba sau ɗaya ba. Matakala, shinge, rumfa, kujera, murfin inji, duk ina kai musu hankalina kwance. Amma akwai sassan da ran mutum yake rataye a kansu: gatarin taya, abin da ke haɗa tarago da tarago, ƙarfen da ke danne cinyar mai hawa, birki. Waɗannan ba siffa kaɗai ake bukata ba. Sai an san irin ƙarfen, da yadda aka gasa shi, da nauyin da aka gwada shi a kai. Gatari biyu za su yi kama kamar tagwaye, ɗaya ya yi shekara 20, ɗaya ya karye a wata shida da yara a sama. Birkin jirgin lilo ma an yi shi ne yadda in wuta ta ɗauke ko iska ta zube zai damƙe da kansa. Na sha ganin inda aka yi masa dabara don ya daina tsayar da wasa, aka mayar da shi sai da wuta yake kamawa. A garin da wuta take ɗaukewa ba sallama, ki auna abin da wannan yake nufi.

Kwaɗayi na gaskiya yana nan shi ma. Wani lokaci jirgin lafiyarsa ƙalau, filin ake so a yi shaguna ko zauren biki. Wani lokaci kuma, wanda ya fi ba ni takaici, shekara da shekaru ake cin kuɗin tikiti ba a ware ko sisi don gyara, sai ya ruɓe a ce tsufa ne. Wannan ba tsufa ba ne, sakaci ne.

Waɗanda aka ceto

Da za a ce duk tsohon jirgi sai an cire, da ba a sami Cyclone na Coney Island a birnin New York ba, wanda yake aiki tun 1927. A shekarun 1970 an so a rushe shi don faɗaɗa gidan kifayen da ke maƙwabtaka da shi, mutanen gari suka tashi tsaye suka hana, a 1988 kuma birnin ya sa shi cikin kayan tarihin da doka ta kare. A Melbourne ta Ostareliya akwai na 1912, a wurin wasan Tivoli na Kopenhagen ta Denmark akwai na 1914, dukansu har yau mutum ne yake shiga cikin jirgin yana jan birki da hannu.

Sirrin waɗannan shi ne yawancinsu dogon katako ne. Jirgin katako kamar ginin ƙasa yake: duk shekara ana yaɓe. Kafintoci suna bin dogon suna cire katakon da ya gaji suna sa sabo, har a wayi gari kusan babu katakon asali ko ɗaya, amma jirgin yana nan da siffarsa da halinsa. Na ƙarfe kuwa kusan tare yake tsufa, in ya gaji sai dai a sauya dogon gaba ɗaya. Ana yin hakan in jirgin yana jawo jama'a. Nemesis na Alton Towers a Ingila an buɗe shi a 1994, aka rufe a ƙarshen 2022, aka sauya dogonsa, aka sake buɗewa a 2024. Wannan kusan kuɗin sabon jirgi ne, sai wurin da yake da tabbacin mutane za su zo.

Akwai kuma ɗaukewa a kai wani wuri. Labarin da na fi so shi ne na Phoenix. An gina shi a 1947 a San Antonio ta jihar Texas da sunan Rocket. Wurin ya rufe a 1980, jirgin ya zauna yana jiran rushewa. Wani wurin wasa na iyali mai suna Knoebels a Pennsylvania ya saye shi, kuma da yake babu zanen ƙirarsa, sai suka bi katakon ɗaya bayan ɗaya suna sa lamba, suka kwance, suka ɗauke, suka sake haɗawa a 1985. Har yau masana suna sa shi cikin jiragen katako mafiya daɗi a duniya.

Mu mutanen Kaduna bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Ki shiga Gamji, wato wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina, ki dubi 'yar gadar ƙarfen nan ta Gwamna Lugga. A Zungeru aka kafa ta a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo nan, a 1956 aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa. Gada ba ta gudu da yara a kanta, don haka adana ta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma tana nuna cewa in an ga darajar tsohon ƙarfe, ana samun hanyar da ba ta 'yan jari bola ba.

Wanda na sa hannu aka cire

Shekarun baya an kira ni wani wurin wasa a nan Arewa in duba musu ɗan jirginsu kafin Sallah. Mai taragu huɗu ne, kan na gaba an yi masa siffar dabba, fentin ya koɗe saboda shafar hannun yara. Na hannu ne, babu takarda ko ɗaya. A kwana ta biyu, inda ya fi gudu, na sami jan layi a gindin waldar da ta haɗa dogo da ginshiƙi. Muka kankare muka yi sabuwar walda yadda ya kamata, muka gwada, ta yi kyau. Na ce a kira ni bayan wata uku. Da na koma, waldarmu tana nan daram, amma ɗan yatsa biyu daga gefenta sabuwar tsaga ta fito, ga wasu biyu a ginshiƙan gaba. Na ƙwanƙwasa gindin ɗaya daga cikinsu, guduma ta kusa shigewa. Da muka huda, ruwa ne ya zubo, ja kamar zoɓo.

Mai wurin dattijo ne mai mutunci. Ya ce, "Injiniya, a lallaɓa mana ya kai mu bayan Sallah." Na ce, "Alhaji, in jikanka zai hau, ka sa shi a gaba, ni kuma in tsaya in kalla. In ba za ka iya ba, ni ma ba zan iya sa hannu ba." Ya yi shiru, ya ce a rufe. Har gobe ina ganin girmansa a kan wannan, don kuɗin Sallah guda ya bari.

Wannan shawarar ban taɓa nadamarta ba. Abin da nake nadama shi ne abin da ya biyo baya. Cikin mako guda masu yankan ƙarfe suka zo da wuta, aka yayyanka shi, aka auna a sikeli aka loda a mota. Ban ce a ajiye ko tarago ɗaya ba. Ban ce a rubuta sanarwa a ƙofa ba. Hankalina yana kan ƙarfe, da na ga an kawar da haɗari sai na ɗauka aiki ya ƙare. Ranar Sallah ina wurin ina duba sauran kayan, sai ga wani mutum riƙe da hannun 'yarsa, ta ci ado da lalle da sabon takalmi. Ya tsaya a bakin filin yana dube-dube kamar wanda ya ɓata hanya. Ya tambayi mai karɓar tikiti, yaron ya ce masa, "An cire," ya juya ga na bayansa. Kalma biyu ke nan aka sallame shi da su. Na ji yana ce wa yarinyar, "A nan yake, wallahi a nan yake," kamar tana ƙaryata shi. Da na karanta wasiƙarki shi na fara tunawa.

To wa yake da gaskiya?

A kan cirewa, sau da yawa masu wurin ne. In injiniya ya ce ƙarfe ya gaji, ba a yi masa gardama da ƙauna, kuma duk mai son jirgin da gaske ba zai so labarinsa ya ƙare da gawa ba. Akwai masu fushin da suke wuce gona da iri, su zagi ma'aikatan da ba su da hannu a shawarar, ko su nace lallai a ci gaba da abin da ba su san cikinsa ba. Da waɗannan ba na tare.

A kan yadda ake cirewa kuwa, ku ne masu gaskiya, kuma ba shirme kuke ba. Mai wuri ya mallaki ƙarfen, amma shekara da shekaru yana sayar wa mutane abin tunawa, da shi ya ci abinci. Wanda ya karɓi kuɗin uba, ya karɓi na 'ya, yana shirin karɓar na jika, akwai haƙƙin bayani a kansa. Kuma abin ba ya cin komai. Da za a rufe Vortex a 2019, wata guda kafin ranar aka sanar, mutane suka yi ta zuwa hawan bankwana, daga baya aka yanka dogon ƙanana aka sayar wa masu so su ajiye a gida. Kamfanin da ya rufe Kingda Ka a ɓoye, shi ne kuma a watan Mayun 2025 ya sanar cewa zai rufe wurinsa na jihar Maryland a farkon Nuwamba, wata shida ke nan, mutane suka sami damar sallama da Wild One, jirgin katakon da asalinsa tun 1917 ne. An yi baƙin ciki a can ma, amma baƙin cikin wanda aka yi wa sallama daban yake da na wanda aka rufe wa ƙofa.

Sai dai a rarrabe abu biyu. In an san wa'adi yana zuwa kuma jirgin yana da lafiya, a sanar da wuri, a bar mutane su hau na ƙarshe. In kuwa tsaga aka gani yau, babu hawan bankwana ko na mutum ɗaya. Abin da za a yi shi ne a kewaye shi, a rubuta dalili da Hausa da Turanci a manna, a bar shi tsaye ko na Sallah ɗaya mutane su zo su ɗauki hoto. In an zo yanka, a ware tarago na gaba, a cire tayoyin, a ɗaure shi a kan siminti ƙarƙashin inuwa yara su riƙa shiga suna zama. Kuɗin da 'yan jari bola za su biya a kansa bai kai na ragon suna ba. Tun daga wancan jirgin, duk rahoton da na rubuta na cewa a cire wani abu sai na ƙara wannan a ƙasa. Wasu suna bi, wasu ba sa bi.

Tunda kina kai yara irin waɗannan wurare, ga abin da nake so ki riƙa dubawa a waɗanda suka rage. Ki je da wuri ki ga ko suna zagaya jirgin babu kowa kafin su fara ɗaukar mutane. Ki ga ko mai kula yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya yana jijjiga ƙarfen dannewa da hannunsa. Ki kalli gindin ginshiƙai, in kin ga tsatsa tana zubo da jan ruwa a kan siminti ko noti ya ɓace, ki riƙe 'ya'yanki ko za su yi kuka. Sabon fenti kada ya ruɗe ki, na sha kankare shi na tarar da abin da ba ya faɗuwa.

Game da naku kuma, ki koma wata ranar da ba cunkoso, ki nemi manaja ko tsohon mai gadi, ki tambaye su cikin mutunci me ya sa aka cire kuma ina aka kai shi. Wani lokaci ba a yanka ba, an sayar wa wani wuri ne a wani gari, ko taragun suna jibge a bayan sito. In suna nan, ki roƙi a fito da ɗaya, ki gaya musu ke da ire-irenki za ku zo ku ɗauki hoto a ciki. In kuma babu, ki kai yaran kafin a zuba wani gini a wurin, ki tsayar da su a kan guraben simintin nan, ki nuna musu inda dogon yake hawa, da inda yake gangarowa kuna ihu, da inda kakansu yake tsayawa riƙe da takalmanku yana jira ku sauko.